Olsa, yunwa, da ƙwayar cutar da aka ƙi gani

Da wuya ka shiga gida a Kano ko Zariya ko Katsina ka rasa mai olsa. Wajen cin abinci ake gane su: a ɗebar musu miya kafin a zuba yaji, ba sa kusantar kunun tsamiya, ba sa shan zoɓo, kuma kullum akwai kwalbar farin magani a gefen gado ko a cikin jaka. In ka tambayi abin da ya jawo ciwon, amsa a shirye take. Yunwa ce. Zaman makarantar kwana ne, ko yawan tunani, ko barkono. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibiti, aikina duba jini da fitsari da bayan gida, da shuka ƙwayoyin cuta a faranti don a gane wacce ce ke damun majiyyaci. Wannan amsa ta yunwa tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san da yawa daga cikin masu ba da ita za su iya rabuwa da ciwonsu cikin mako biyu, da za a bi ta inda ya kamata.

Sai dai ba mutanen gari ne suka fara wannan riƙo ba. Manyan likitocin duniya sun yi shekaru kusan 80 a kan irinsa, kuma nasu ya fi ban tsoro, don su suna da madubin hangen ƙananan halittu a gabansu.

A 1910 wani likitan tiyata mai suna Karl Schwarz ya faɗi maganar da ta zama karatun kowane ɗalibin likitanci: in babu asid, babu olsa. Maganar ba ƙarya ba ce. Tumbin ɗan Adam yana fitar da asid mai ƙarfin gaske don narkar da abinci, kuma shi ne ke cin wurin da ya samu rauni har ya zama gyambo. Daga nan aka ɗora wata magana a kanta, cewa babu wata halitta da za ta iya rayuwa a cikin wannan asid, saboda haka tumbi wuri ne da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Wannan ta biyu ba a taɓa tabbatar da ita da kyau ba. Ta yi daidai da hankali, sai aka rubuta ta a littattafai, malami ya koya wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami ya koya wa wani.

Duk maganin olsa sai ya koma yaƙi da asid. A 1915 Bertram Sippy a birnin Chicago ya fito da tsarin ba majiyyaci madara da kirim kusan kowace awa, tare da garin da ke kashe kaifin asid. Wanda ciwonsa ya ƙi ji, a kai shi tiyata a yanke wani ɓangare na tumbinsa, ko a datse jijiyar da ke ba tumbi umarnin fitar da asid. A 1976 maganin Tagamet ya shigo kasuwa, Zantac ya biyo baya a 1981, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 Zantac ya zama maganin da ya fi kowane magani ciniki a duniya. Magungunan suna aiki, gyambo yana warkewa. Amma da an daina sha, mafi yawan majiyyata ciwon ya dawo musu cikin shekara ɗaya ko biyu. Wannan dawowa ya isa ta sa a tsaya a ce akwai abin da ya rage a ciki wanda ba a taɓa ba. Maimakon haka sai aka ce ai olsa ciwo ne na har abada, halin mutum ne, mai yawan damuwa ne, sai dai ya yi ta shan magani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an sha ganin ƙwayar. A 1893 Giulio Bizzozero a Italiya ya ga wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a tumbin karnuka. A 1899 Walery Jaworski a birnin Krakow ya gan su a ruwan da aka wanko daga tumbin mutane, har ya yi zargin suna da hannu a ciwon ciki, amma da harshen ƙasarsa ya rubuta, maganar ba ta yi nisa ba. A 1940 wani matashin likita a Boston, Stone Freedberg, ya same su a tumbin da aka yanke wa majiyyata, na gaba da shi suka ba shi shawarar ya koma wani fannin. Sai a 1954 wani babban masani a Amurka, Eddy Palmer, ya duba tsokar tumbi fiye da 1,000 ya ce bai ga komai ba, waɗanda suka ce sun gani ƙazanta ce ta baki ta gurɓata musu samfuri. Rinin da ya yi amfani da shi ba ya fito da wannan ƙwaya sosai. Amma sunansa babba ne, adadinsa mai yawa ne, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Ƙofar ta rufe kusan shekara 30. Mu muna cewa gani ya kori ji. A nan ji ne ya kori gani.

Akwai mutum ɗaya da labarinsa ke sa ni baƙin ciki duk lokacin da na tuna. John Lykoudis likita ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Girka mai suna Missolonghi. A 1958 ya yi wa kansa maganin ciwon ciki da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya warke, ya fara ba majiyyatansa, suka yi ta warkewa, dubbai suka yi ta zuwa wurinsa. Hukumomin lafiya na ƙasarsa ba su karɓi maganin ba, mujallar likitoci ta ƙi buga rubutunsa, aka gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa aka ci shi tara. Gaskiya ne bai gudanar da gwaji irin wanda ilimi ke nema ba, kuma bai san wace ƙwaya yake kashewa ba. Amma waɗanda ke da asibitoci da kuɗi da ikon gudanar da gwajin ba su ga dalilin gwada abin da suka riga suka san ba zai yiwu ba. Ya rasu a 1980.

Shekara ɗaya kafin rasuwarsa, a watan Yuni na 1979, a asibitin Royal Perth da ke yammacin Ostareliya, Robin Warren yana duba wata 'yar tsoka da aka gutsuro daga tumbin majiyyaci, sai ya ga wani siririn layi shuɗi a samanta. Ya ƙara girman madubi, ya ga ƙwayoyi ne birjik. Ya sa aka rina da rinin azurfa, suka fito fili. Warren ba likitan ciki ba ne, aikinsa duba tsoka a madubi. Ya ci gaba da lura har shekara biyu, ya ga duk inda ƙwayoyin suke, fatar tumbin a kumbure take. Abokan aikinsa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. A 1981 aka haɗa shi da wani matashi mai neman ƙwarewa, Barry Marshall, mai kusan shekara 30, wanda ke neman abin da zai yi bincike a kai.

Nan ne labarin ya shigo ɗakin aikina. Kafin ka ce ƙwaya ce ke jawo ciwo, sai ka shuka ta ta tsiro a faranti, ka san kamanninta da abin da ke kashe ta. Mu a ɗakin gwaji muna da ƙa'ida: a shafa samfuri a faranti, a sa a akwatin ɗumi, a duba bayan kwana ɗaya, a sake dubawa bayan kwana biyu, in babu abin da ya tsiro a rubuta babu, a zubar. Ƙa'ida ce mai kyau. Mafi yawan ƙwayoyin da muke nema a fitsari ko maƙogwaro ko ƙurji sun isa fitowa cikin awa 48, kuma in ka bar faranti ya daɗe, wasu ƙwayoyin banza ne za su rufe shi. Haka ma'aikatan Perth suka yi wa samfuran Marshall da Warren fiye da 30, kowanne a zubar bayan kwana biyu. Sai hutun Ista na 1982 ya zo, aiki ya yi wa 'yan tsirarun da ke bakin aiki yawa, aka bar wani faranti a akwati har kwana biyar. Da aka dawo, ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu sheƙi sun tsiro. Ƙwayar mai jinkirin girma ce, tana son kwana uku zuwa biyar, kuma ba ta son iska mai yawa.

Ina yawan tunanin waɗannan ma'aikata, don sana'armu ɗaya. Ba malalata ba ne, ba su karya doka ba. Dokar ce aka gina a kan ƙwayoyin da aka riga aka sani, don haka ba ta da wurin wadda ba a sani ba. Duk wanda ya rubuta "babu abin da ya tsiro" a takardar sakamako, abin da yake nufi a gaskiya shi ne babu abin da ya tsiro a irin wannan faranti, a wannan ɗumi, cikin waɗannan awoyi. Likita kuwa in ya karanta, "babu" kawai yake gani.

A shekarar suka bincika majiyyata 100. Duk mutum 13 da ke da gyambo a farkon ƙaramin hanji suna ɗauke da ƙwayar, haka ma mafi yawan masu gyambo a tumbi. A 1983 Marshall ya aika taƙaitaccen sakamakon zuwa taron ƙungiyar likitocin ciki ta Ostareliya, aka ƙi karɓa, aka sa shi cikin na can ƙasa. A wannan shekarar dai ya kai aikin taron masana ƙwayoyin cuta a Brussels, su kuwa suka saurara, wasu suka koma ɗakunan gwajinsu a Ingila da sauran wurare suka shuka ƙwayar da kansu, ta tsiro. Wannan bambanci yana da abin lura. Masanin ƙwayoyin cuta bai gina sunansa a kan asid ba, sabuwar ƙwaya a wurinsa abin murna ce. Likitan ciki kuwa, wanda ya yi shekara 20 yana koyar da asid, yana yanke tumbi, yana rubuta Tagamet, karɓar wannan magana na nufin ya waiwayi majiyyatan da ya yi wa tiyata ya tambayi kansa ko da buƙata. Ba ƙaramin abu ake nema a wurinsa ba. Ga kuma kamfanonin magani da ke samun maƙudan kuɗi a kan ciwon da ba ya ƙarewa, babu abin da zai sa su yi gaggawar ɗaukar nauyin binciken da zai ƙare shi cikin mako biyu.

Marshall ya gwada sa wa aladu ƙwayar, ba ta kama su ba. A 1984 sai ya sa aka leƙa tumbinsa da na'ura aka tabbatar lafiya lau yake, sannan ya narka ƙwayar da aka shuka daga wani majiyyaci ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya yi wari, da aka sake leƙawa aka ga tumbin ya kumbura, ga ƙwayar nan a manne.

Dole a yi wa masu shakka adalci a nan. Marshall bai samu gyambo ba, kumburi ya samu, kuma mutum ɗaya ba hujja ba ce. Ga tambaya mai nauyi da suka yi: kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya, me ya sa mafi yawansu ba su da olsa? Wanda ya ce a kawo gwaji mai tsari kafin a fara ɗura wa miliyoyin mutane maganin kashe ƙwayoyi, aikinsa ya yi, kuma irin tambayoyinsa ne suka sa aka yi gwaje-gwajen da suka nuna cewa in an kashe ƙwayar, gyambon ba ya cika dawowa. Wanda nake kuka da shi daban ne: wanda aka ce masa ga madubi, zo ka duba, ya ce ba sai ya duba ba. Daga nesa su biyun kamarsu ɗaya, dukansu "ban yarda ba" suke cewa. Na farko yana iya gaya maka abin da in ya gani zai sauya ra'ayi. Na biyu ba shi da irin wannan abu.

An gano yadda take rayuwa a inda aka ce ba a rayuwa. Tana kutsawa cikin majinar da ke lulluɓe fatar tumbi, tana kuma fitar da wani sinadari da ke mayar da yuriya, wani sinadarin da ke cikin ruwan tumbi, zuwa amoniya, amoniyar ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. A 1989 aka raɗa mata suna Helicobacter pylori. A 1994 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ce duk mai olsa da ke ɗauke da ita a ba shi maganin kashe ta, kuma a shekarar ce hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi. A 2005 Warren da Marshall suka karɓi lambar yabo ta Nobel. Daga ranar da Warren ya ga shuɗin layin nan zuwa 1994 shekara 15 ke nan, kuma a cikinsu an ci gaba da yanke tumbin mutane.

A gida kuwa har yanzu muna zamanin Sippy. Ina da gwaggo da ta daɗe tana fama, ta haramta wa kanta kusan komai sai tuwo da miyar kuka marar yaji da madara. Na roƙe ta ta bari a gwada bayan gidanta. Ta ce, "Kai ɗan nan, ciwon da na san ranar da ya kama ni? Shekarar da Malam ya rasu ne, ban ci ban sha ba. Kuma in na ji yunwa yake tashi, in na ci ya kwanta. Wace ƙwaya kuma?"

Ban ga laifinta ba, don duk abin da ta lissafa ya faru. Gyambon farkon hanji yana tashi ne in ciki ya zama wayam, asid ya samu rauni a buɗe, abinci kuma ya lafar da shi. Yaji yana sa wurin zafi. Madara tana sanyaya shi na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Jikinta kullum yana ba ta shaida a kan abin da ta yarda da shi, sau uku a rana. Yunwa tana tayar da ciwon da ke nan, ita kuma ta ɗauka yunwa ce ta kawo shi. Irin wannan riƙo ya fi wuyar saki, don ba a kan jita-jita aka gina shi ba, a kan rabin gaskiya ne. Sai da babban ɗanta ya sa baki ta yarda. Gwajin ya nuna ƙwayar, likita ya rubuta mata maganin rage asid da magungunan kashe ƙwayoyi iri biyu na kwana 14, bayan wata guda aka sake gwadawa babu ita. Yanzu tana cin abin da kowa ke ci. In ka tambaye ta, har gobe yunwa ce ta jawo mata, maganin dai ya dace ne.

Wanda ya fi damuna shi ne na cikin farin kaya. Na taɓa yi wa wani babba a wurin aiki maganar majiyyacin da ke ta dawowa ana rubuta masa omeprazole, maganin rage asid, wata bayan wata, na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a turo shi a gwada?" Ya ce tun kafin a haife ni yake maganin olsa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karin maganar gaskiya ce a wurare da yawa, kuma ina girmama shi har yau. Amma ƙwayar da tsawonta bai kai kashi ɗaya cikin 200 na milimita ba, ba a hango ta da shekaru. Gwajin bayan gida ne ke nuna ta, ko gwajin numfashi, ko a leƙa da na'ura a gutsuro tsoka.

Akwai kuma sababi na biyu da maganar yunwa ke rufewa: magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam da asfirin. Lebura ko ɗan acaɓa ko mai faskare ya tashi aiki ya tsaya kemis a haɗa masa "na gajiya", ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda, sau da yawa biyu daga ciki aikinsu ɗaya, ya watsa a cikin da babu komai. Waɗannan magunguna suna raunana kariyar fatar tumbi, suna iya kai mutum ga aman jini ko baƙin bayan gida. In an kawo shi asibiti, 'yan uwa su ce ai ba ya cin abinci a kan lokaci. Ba mai ambaton ledar.

Sabuwar fahimtar ma ta fara daskarewa a hannunmu. Yanzu akwai wuraren da duk mai ciwon ciki sai a ɗebi jininsa, a ce an ga H. pylori, a ɗora shi a kan magani. Gwajin jini ba ya bambance wanda ke ɗauke da ƙwayar yanzu da wanda ya taɓa ɗauka ya rabu da ita, kuma a ƙasarmu mafi yawan manya za su nuna alamar ko lafiyarsu ƙalau. Mai tsakuwar matsarmama, mai ciwon zuciya da ke jin zafi a ƙahon zuci, dattijon da ke ramewa saboda ciwon daji, duk ana iya sallamarsu da maganin kwana 14. Wasu ma ba sa zuwa asibiti, kemis suke saya, su sha na kwana huɗu su ajiye, ƙwayar ta koyi jure wa maganin. Metronidazole, wanda muke kira Flagyl muke sha kamar gyaɗa, ya riga ya rage tasiri a kanta a wurare da yawa na Afirka.

A farkon shekarun 1990 wani likitan tiyata Bature, Chris Holcombe, da abokan aikinsa sun yi bincike a yankin Maiduguri, suka samu kusan kashi 85 cikin 100 na mutanen da suka gwada suna da alamar ƙwayar, kuma da yawa tun suna yara suka ɗauka. Amma kansar tumbi da ake rubutawa a asibitocinmu ba ta kai yawan da wannan adadi zai sa a yi tsammani ba, in aka kwatanta da Japan ko Koriya. Wasu masana suka ce irin ƙwayar da ke Afirka ce ta bambanta, ko abincinmu, ko tsutsar ciki da ke sauya yadda garkuwar jiki ke amsawa. Wasu suka ce babu wani abin mamaki, ba ma ganin kansar ne saboda ba ma dubawa: na'urar leƙa ciki ba ta wuce manyan asibitoci, ba a cika binciken gawa ba, kuma mutum zai rame ya rasu a ƙauye a ce olsa ce ta kashe shi. Kowane ɓangare na da masu riƙe da shi da ƙarfi. Abin da zai raba gardamar na'urori ne a asibitocin jihohi, da masu duba tsoka a madubi, da rajistar da za a riƙa rubuta kowane mai ciwon daji a ciki, kuma a yawancin garuruwanmu har yanzu ba a kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.